Ku Daina Ƙera Mugun Kare Kuna Kuka da Cizo

Wata ɗabi'a ta shigo garin Tawa wadda ni kam ba ni iya yin shiru a kanta. Mutum ya gina gida, ya sa ƙyauren ƙarfe, sai ya ce saura kare. A kawo mishi ɗan kwikwiyo cikin kwali, ɗan sati ukku ko huɗu, ko nono bai gama sha ba. A ɗaure shi da sarƙa bayan gida, ba mai taɓa shi, ba ya ganin kowa sai mai jefa mishi ƙanzo. Wai don ya yi zafi! Ran da ya tsinke ya yagi ƙafar ɗan maƙwabci, sai a taru da sanduna ana cewa kare mugun abu ne. To wa ya ƙera muguntar?

Laifi na farko na mai kiwon da ya sayar ne. Ɗan kwikwiyo sai ya yi kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya buɗe ido. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ne yake koyon abin da za ya ji tsoro da abin da za ya sake jiki da shi. Wasu masana biyu a Amurka, Scott da Fuller, sun yi shekaru suna kiwon karnuka don gane wannan, sunka wallafa sakamakon a 1965. Wurin uwatai da ƴan'uwanshi yake koyon sassauta haƙori: in ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi, wasa ya watse. Wanda ya raba shi da su kafin sati 8 don kwaɗayin jika biyar, ya fidda yaro daga lakkwal tun bai iya baƙi ba.

Abin haushi, ba mu da bukatar zuwa Amurka neman darasin. Ka bi hanyar Abalak ko Cintabaradan ka dubi zangon Buzaye. Dogon karen nan mai siririn ciki da suke kira oska yana tashi ne cikin ƴan awaki da raƙuma da yara, yana shan nonon da suke sha. Ya san na gida, ya san baƙo. Shi ke korar dila da dare, shi ke kamo zomo. Turawa sun kwashe irinshi zuwa Turai tun farkon shekarun 1970, sunka raɗa mishi sunan Azawak, ƙasar da ke nan arewa da mu, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerinta a 2019. Su suna yabon abinmu, mu muna koya ma ƙannenmu jifar kwikwiyo da dutse.

Na san abin da za a ce mini: karen da ya saba da mutane ba ya gadi. Wanga zance bai da tushe. Karen da anka tsare cikin tsoro ba ya rarrabe ɓarawo da almajiri mai bara, kowa abokin gaba ne, kuma wanda ya fi kusa da bakinshi shi ne yaron gida. Wani kuma ya ce addini ya hana. Malamanmu na Malikiyya sun san an halatta karen farauta da na kiwo da na gona, kuma Suratul Ma'ida ta yi zancen dabbar farauta da anka horar. Ban ga inda anka halatta azabtar da dabba da yunwa da sarƙa ba.

Ga kuma haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Allurar rigakafi tun kare na wata 3 ake fara ta. To ƙaƙa likitan dabbobi za ya tsira ma karen da ko mai shi ba ya iya kamawa allura?

Don haka mai kiwo, bar ɗiyan kare wurin uwarsu har sati 8. Ka riƙa ɗaukarsu kullum, su ji hannun babba da na yaro, su ga jaki da tunkiya, su ji ƙarar kabu-kabu. Mai saye, tambayi kwanakin kwikwiyo, ka ce a gwada maka uwar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ba ka da lokacin wannan hidima, sayi kwaɗo mai kyau ka sa ma ƙyaurenka, ka ƙyale muna yaran unguwa su wuce lafiya.