Daga Jakar Matafiyi: Ranar da Landan ta Kulle Ƙofa

Wasu daga cikinku sun sha tare ni a hanya suna cewa, na je Ingila na yi wata uku cur, amma ban taɓa kawo labarin ƙasar a wannan fili ba. To, tunda Disamba ta kewayo, bari in ba ku labarin rana ɗaya tak, wato Kirsimetin 2023, wanda ya same ni a unguwar Tottenham da ke arewacin Landan, a ɗakin ɗan ƙanwata.

Kun dai san yadda Bronya take a nan Kumasi. Ba bikinmu ba ne mu 'yan zango, amma ba wanda zai ce bai san ta zo ba. Tun saura mako guda Kejetia ba masaka tsinke, kaji sun yi tsada, yara suna ta fasa nokawut har cikin dare. Ranar kuwa, maƙwabciyarmu Ba'asantiya takan aiko 'yarta da kwano a rufe, jalof da kaza, kazar ma sai da ta kawo wa wani malami a zango ya yanka domin mu iya ci. Mu kuma idan Layya ta zo mu mayar mata da cinya. Da wannan tunani na sauka Landan. Na ce a raina, idan haka ake yi a Kumasi, ina ga garin Turawa da suka kawo mana bikin?

Kafin ranar na ɗan fara sabawa da zaman garin. Na koyi cewa bas ba ta karɓar tsabar kuɗi, sai kati ake dangwalawa, kuma ba a tsayar da ita inda aka ga dama kamar turoturo. Na koyi daina gaishe da duk wanda muka haɗa ido, bayan wata mata ta riƙe jakarta gam da na yi mata barka da asuba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rana. A lokacin sanyi agogon Landan da na Kumasi ɗaya ne, ko minti ba a gyarawa, amma rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Azahar wajen sha biyu, la'asar kafin ƙarfe biyu, magariba kafin huɗu. Wanda ya ce bari ya ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai ya farka da bashin salla biyu. Ya faru da ni ba sau ɗaya ba.

Yaron nan ya kai ni dandalin Trafalgar na ga ƙatuwar bishiyar da birnin Oslo na ƙasar Nowe ke aiko wa Landan kowace shekara tun 1947, don godiyar taimakon da Ingila ta yi musu a Yaƙin Duniya na Biyu. Titin Oxford kuwa fitilu ne ko'ina, jama'a kamar Arfa. Wannan ya ƙara tabbatar mini cewa ranar 25 ga wata za a sha kallo.

Daren 24 sai ya ce mini, "Kawu, ni gobe ina aiki, a can zan kwana, don ranar kuɗin ya fi. Ka sauka ka sayi abin da kake bukata yanzu, gobe ba komai." Na ce masa ya tafi abinsa, ni da na girme wa uwarsa ba sai an koya mini cefane ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da gari ya waye, ranar Litinin ce, na sa rigar sanyi na fita neman burodi. Jama'a, ban taɓa ganin gari ya mutu irin haka ba. Ba bas, ba jirgin ƙarƙashin ƙasa, domin a ranar nan duk ba sa aiki. Manyan kantuna a garƙame, kuma ba son ransu ba ne, doka ce ta 2004 ta hana su buɗewa ranar Kirsimeti. Babban titin da kullum sai ka yi dabara kafin ka tsallaka, na tsaya a tsakiyarsa ba abin da ya zo. Mutanen garin suna cewa sanyin shekarar da sauƙi, ko dusar ƙanƙara babu, amma ni mutumin hunturun Kumasi kunnuwana kamar za su faɗo. Na yi tafiyar fiye da rabin sa'a kafin na dace da wani ɗan kanti na Baturke a buɗe, na sayi burodi da ƙwai da albasa.

A hanyar dawowa na fahimci inda bikin yake. Ta tagogi kana hango mutane a zagaye da tebur, kowa da iyalinsa, ƙofa a rufe. Ba kiɗa a titi, ba yara masu sababbin kaya, ba 'yar aike da kwano. Idan ba ka da gida a cikin gidajen nan, to ranar ba ta san da kai ba. Ban ɓoye muku ba, da na hau bene na zauna, kewar gida ta kama ni yadda ba ta taɓa yi ba, alhali bikin ma ba nawa ba ne.

Na ɗora wake da shinkafa, tunda akwai su a ɗakin. Ina cikin dahuwa sai na ji tari daga ɗakin da ke kallon namu. Wani tsoho ne, asalinsa mutumin Jamaika, wanda kullum muke ɗaga wa juna hannu a matakala ba tare da magana ba. Na yi ta saƙa da warwara. Yaron ya gargaɗe ni cewa a nan ba a buga wa mutum ƙofa haka kawai. Amma na tuna maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa tambayar ko za mu karɓa ba kafin ta aiko. Na zuba a faranti, na ɗora ƙwai biyu, na rufe, na je na ƙwanƙwasa.

Ya daɗe kafin ya buɗe, kuma sarƙar ƙofar tana maƙale. Na ce, "Baba, barka da Kirsimeti, ga ɗan abinci daga maƙwabcinka." Ya dubi farantin, ya dube ni, sannan ya cire sarƙar. Ashe shi kaɗai ne. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana wani gari mai nisa, ga shi ba jirgi. Ya ɗaga murfin ya yi dariya, ya ce ai wannan abincin ƙasarsu ne, su ma da wake suke dafa shinkafa, sai dai da ruwan kwakwa.

Ya hana ni tafiya. Ya ɗauko wata takarda mai kama da alewa babba, muka ja, ta yi ƙara, hular takarda ta faɗo, ya ce dole in sa. Na ɗora ta bisa hulata, shi ya yi ta dariya har da hawaye. Ya miƙo mini wani baƙin kek da suke ci ranar. Na tambayi abin da ke ciki, ya ce akwai barasa, na ce a yi mini afuwa, bai ji haushi ba, ya kawo shayi da lemo. Duk mai zuwa can ya riƙe wannan: a tambaya kafin a ci, domin kayan zaƙin Kirsimeti da yawa da giya ake haɗa su. Ƙarfe 3 daidai muka kalli jawabin Sarki Charles a talabijin, minti goma, tsohon yana zaune tsaf kamar a coci.

Da na ga taga ta fara duhu na ce masa zan je in yi salla. Ya ce in yi a nan mana, ya janye kujera, ya kashe talabijin. Washegari, wadda suke kira Boxing Day, na buɗe ƙofa na tarar da farantina a wanke, an ɗora lemo uku a kai.