LAHIYA UWAR JIKI: Ruwan salga shina tona asirin ƙwaya a wurin aiki

Akwai aikin da in mutum guda ya yi kuskure, mutum goma ka iya mutuwa. Direban babbar mota, mai shiga ramin ma'adini, mai hawa bisa dogon gini, mai tsaron inji a matatar mai. In ɗayansu ya sha ƙwaya, ba ransa kaɗai ya sa cikin hatsari ba.

Don haka manyan kamfanoni, kamar masu haƙar ma'adini a ƙasar Ostaraliya, suke auna ma'aikatansu. Akan kira mutum a ba shi ƴar kwalba ya yi hitsari, ko a ɗebi yawunsa. Wanga awo shina da tsada, shina da kunya, kuma masu wayo sun san yadda ake kauce mashi. To, ga wata dabara ta hito: a bar mutane, a auna ruwan ƙazanta da ke hita daga makewayinsu.

Ga yadda abin yake. Duk maganin da mutum ya haɗiye, jiki ba ya riƙe shi duka. Hanta ta sarrafa, ƙoda ta tace, saura ya hita cikin hitsari. A birane da manyan ma'aikatu, ruwan makewayi duka shina taruwa cikin bututu guda. Sai masana su girka wani ɗan inji a bakin bututun. Injin shina ɗibar ruwa kaɗan-kaɗan, dare da rana, har awa 24. Daga nan a kai ruwan ɗakin awo. Can ana iya ganin alamar ƙwaya ko da ba ta wuce tsabar gishiri guda cikin ganga cike da ruwa ba. In an san yawan ruwan da yawan mutanen wurin, sai a yi lissahi.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ƙwarai. Tun shekarar 2011 ake ɗibar ruwan kwata a Kano don neman cutar shan inna. Wajen ƙwaya kuwa, wani masani ɗan Amurka, Christian Daughton, ya kawo shawarar a 2001. A 2005 masana na birnin Milan, a ƙasar Italiya, sunka auna ruwan kogin Po, inda ƙazantar mutum wajen miliyan 5 take zuba. Sunka tarar kogin shina ɗauke da alamar hodar iblis kamar kilo 4 kowace rana. Hukuma ba ta zaci abin ya kai haka ba. A 2011 birane 19 na Turai sunka yi awon tare. A 2016 gwamnatin Ostaraliya ta kama yin shi a kai a kai.

Wurin aiki dai ba birni ba ne, kuma nan magana ta yi nauyi.

Amfanin a hili yake. Ba a tsayar da aiki, ba a kunyata kowa. Ruwa shina nuna wace ƙwaya ake sha, da ranar da shanta ya ƙaru. In alamar ƙwayar hana barci ta hau a satin aikin dare, mai kamfani ya samu labari mai muhimmanci: aikin ya yi wa mutane yawa. Shugaba mai hankali sai ya rage awoyi, ya kawo likita, ya tara ma'aikata a yi magana. Bayan wata uku a sake awo, a ga ko an samu sauƙi.

Amma ruwa ba ya faɗin suna. Ba ya bambanta wanda likita ya rubuta wa magani don ciwon baya da wanda ya saya a kasuwa. Ba ya bambanta ma'aikaci da baƙon da ya shiga makewayi ya wuce. Ba ya cewa mutum guda ne ya sha da yawa, ko mutum ashirin sunka sha kaɗan-kaɗan. A birni mai mutum miliyan, wannan ba ya cutar kowa. A zango mai ma'aikata 30, zargi shina iya faɗa wa kowa. Ana iya korar ƴan kwana-kwana duka don laihin mutum biyu, kuma talaka ba shi da inda zai kai ƙara. Masanan da kansu sun yi gargaɗi bisa yin awon a ƙananan wurare irin gidan kaso, makaranta da wurin aiki. Daidai ne a gaya wa ma'aikata tun kahin a soma, kuma a rubuta cewa ba za a kori kowa da shaidar ruwa kaɗai ba.

A Nijar ƙwayar da ta dami jama'a ita ce tramol. Asalinta maganin ciwo ne mai tsanani. Likita kan ba da miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Ta kasuwa kuwa akwai mai 200, akwai mai 225, kuma wani ya haɗiye uku da shayin sahe. Manomi shina sha don ya gama noma, ɗan kabu-kabu don ya yini bisa babur, mai haƙar zinariya don kada ya ji gajiya cikin rami. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarhi, ɓoye ciwo take. Tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana kada mutum kamar mai farfaɗiya. Wanda ya saba da ita, kada ya yanke rana ɗaya. Ya tahi wurin likita a rage mashi sannu-sannu.

Wurin haƙar zinariya irin na Jado, inda jama'a sunka kwarara tun 2014, babu bututu balle a sa inji. Gona ma haka. Sai dai ƙasa ita ma tana riƙe shaida, kamar yadda anka gani a Kamaru.

A 2013 wasu masana na Faransa da Kamaru sunka ce sun samu tramol cikin saiwar tafashiya. Anka yi ta mamaki, wai itace shina yin maganin Bature da kansa. A 2014 wasu masana na Jamus, su ma tare da ƴan Kamaru, sunka sake bin sawu a can arewa mai nisa. Sunka tarar manoma suna shan ƙwayar, kuma suna ba shanun huɗa don su yini suna ja cikin rana. Shanu su kwanta ƙarƙashin itace su yi hitsari, saiwa ta tsotse. Sun samu tramol cikin saiwar waɗansu itatuwa dabam, da cikin ƙasa, da ruwan rahi. A binciken da ya biyo baya, sun same ta har cikin ruwan rijiyar da mutanen gari suke sha.