Wa Ya Ce Koɗewa Ado Ce?

Yanzu a wasu wuraren cin abinci da na ɗaukar hoto a Kano da Abuja, kuɗi ake biyan mai fenti ya tsofar da sabon bango. Zai shafa shuɗi mai duhu, ya bi shi da farin da aka tsinka da ruwa, ya goge da tsumma kafin ya bushe, sannan ya kankare gefuna da samfefa. Wai an samu yanayin ƙauye. Sai 'yan gayu su jingina, a ɗauka, a watsa a Instagram.

To mu mutanen Ɗanzomo da Gumel ba a gaya mana koɗewa. Mun san rana ce ke cin launi, ja ke fara mutuwa, ƙurar hunturu ta bi ta goge saura, ruwan damina kuma ya riƙa dukan bangon gabas har ya zaizaye shi. Wanda ya bi hanyar Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya duba ajujuwan firamare na gefen titi. Allon da sunan makaranta ya kusa ɓacewa a jikinsa ba kwalliya yake yi ba. Lissafi yake bayarwa na shekarun da aka yi ba wanda ya waiwaye shi. Wannan shi ne abin da ake kwaikwayo cikin sanyin na'ura, ana kurɓar shayi mai tsada. Haba!

Za a ce ai fasaha ce, kuma girmama gargajiya ne. Wace gargajiyar? Maginanmu ba su taɓa neman bango ya koɗe ba, yaƙi suka yi da koɗewa. Don haka suka riƙa yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, suka haɗa laso da katsin marina domin soro ya jure ruwa, suka zana dagi a fuskar zaure da hannu. Wannan ilimin ne ke ƙarewa, domin masu shi sun tsufa, 'ya'yansu kuma sun koma buga bulo.

Mai son ginin Hausa da gaske, ga magina nan a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa. Ya zo ya ɗauke su aiki, ya biya su ko da rabin abin da yake ba mai samfefa.