Ranar Da Tashi Daga Kan Katifa Ya Zama Aiki

Makon jiya wannan shafin bai fito ba. Waɗanda suka tambaye ni a WhatsApp na ce musu matsalar sabis ce. Ƙarya na yi. Kwana uku ina kwance a ɗaki, waya a hannu, in rubuta layi ɗaya in goge, in sake rubutawa in goge. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Ciwon damuwa ne ya motsa, wanda likita ya tabbatar min da shi tun bara.

Na san ba ni kaɗai ba ne. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi. Amma a nan wurinmu sunansa lalaci, ko raki, ko ƙarancin tawakkali. Ka ce ba ka da lafiya, a kalle ka sama da ƙasa a ce, "To ai ga ka nan garau." Ka ambaci likitan ƙwaƙwalwa kuwa, shi ke nan, har a ajinku sai an ji cewa an kusa kai ka Dawanau.

Ɓacin ran kwana ɗaya daban, wannan daban. Likitoci kan fara zargin ciwon ne idan ƙunci ko rashin sha'awar komai ya wuce mako biyu, barci ya lalace, cin abinci ya canja, tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. To ka haɗa wannan da lacca ƙarfe takwas na safe, da zaman shagon POS da yamma, da edita mai jiran rubutu ranar Alhamis.

Ba zan ce na gano maganin wannan haɗin ba. Abin da dai ya rage min wahala shi ne rage buri. Da can nakan ce sai na gama rubutu a zama ɗaya, in na kasa in yini ina zagin kaina. Yanzu sakin layi ɗaya bayan Asuba, lokacin da kaina ya fi sauƙi, sai in ajiye. Ranar da hannu ya ƙi, nakan naɗi murya a waya, in kwafe daga baya. Na kuma cire wayar daga gadona da dare, domin duba hotunan bikin mutane ƙarfe biyu na dare bai taɓa ƙara min komai ba sai ƙunci.

Abin da ya fi min wuya shi ne faɗa wa mai shagon da nake wa aiki. Na zata kora ce. Sai ya yi shiru, ya ce, "Ƙanena ma haka yake yi." Ya sauya min ranaku. Wani malami kuwa da na roƙa ƙarin kwana biyu, dariya ya yi, ya ce 'yan zamani kowa da sabuwar cutarsa.

A nan ne nake da magana da makarantunmu. Tun Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta hana nuna wa masu irin wannan larura wariya. In takardar asibiti ta maleriya tana sa a ɗaga wa ɗalibi ƙafa, me ya sa ta ciwon damuwa ba za ta yi ba?

Ku kuma 'yan uwa, addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda ba ta hana mai ciwon suga shan magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai sashen a Asibitin Malam Aminu Kano. In an ba ka magani, ka sani yakan ɗauki makonni kafin ka ji canji, kuma kada ka daina shi da kanka don ka ji sauƙi. In har tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, kar ka jira gobe, ka faɗa wa wani na kusa a kai ka asibiti yau.

Wannan rubutun ma kwana biyar ya ɗauke ni. Na mako mai zuwa na naɗi rabinsa a waya.