ZANCEN GIDA: Ina Za Mu Sa Amfanin Gona?

Ga kaka ta yi. Gero ya daɗe da shiga gida, masara tana shanye, wake da gyaɗa suna kan hanya, dawa kuwa sai wata mai zuwa. A irin wannan lokaci ne maigida yakan tsaya a tsakar gida ya duba dama da hagu, ya ga ba inda zai sa buhu. Daga nan sai a ji ya ce, "A kai ɗakin yara tukuna." Tukunan nan kuwa ita ce har damina. Yara suna kwana da buhunan masara, da injin feshi, da jarkar fetur, da ragowar takin bara, duka a ɗaki ɗaya.

Wannan ne ya sa muka ga ya kamata a wannan wata mu yi zancen ɗakin ajiya. Waɗansu daga cikin masu karatu suna shirin gina sito a bayan gida, waɗansu suna tunanin gyara tsohon rumbu, waɗansu kuma a birni suke, gidan haya, abin da suke da shi bai wuce lungu ɗaya ba. Shawararmu ga dukansu ɗaya ce. Kafin a sayi bulo ko kwano, a zauna a raba kayan gida kashi biyu: abin da zai shiga ciki, watau abinci, da abin da in ya shiga ciki zai kashe mutum. Kada su haɗa ɗaki. Wanda ke da halin gina ɗaki ɗaya kaɗai, to, ya gina wa abinci, sauran kayan ya kafa musu rumfa mai ƙofa da kwaɗo.

Rumfar kayan aiki ba ta da wuyar sha'ani. Fartanya, garma, lauje, gatari, shebur da baro ba su neman kome sai inuwa da ƙusa a bango. Abin lura shi ne takin zamani, musamman yuriya, yana jan danshi, yana kuma sa ƙarfe tsatsa, saboda haka a ɗora shi kan katako nesa da kayan aiki. Fetur da kananzir su yi nesa da madafa. Maganin feshi kuwa a sa shi a akwati mai makulli, a sama inda hannun yaro ba ya kai, ya kuma zauna cikin kwalbar da aka sayo shi. Zuba maganin ciyawa a kwalbar lemo al'ada ce da ta kai yara asibiti ba sau ɗaya ba. Akwai irin rumfunan roba da na ƙarfe da ake shigowa da su a harhaɗa da noti. Sun isa ajiyar keke da fartanya, amma an yi su ne domin lambunan Turai. A ranar watan Afrilu ta ƙasarmu cikinsu tanderu ne, iri da magani duka lalacewa suke yi.

Ɗakin abinci shi ne babban zance. Kakanninmu ba su karanta kimiyya ba, amma wanda ya dubi rumbu da idon basira zai ga hikima a kowane sashe nasa. An ɗora shi kan duwatsu domin kada danshin ƙasa da gara su kai ga hatsi. An yi masa jinka mai faɗi domin ruwa ya zuba nesa da jikinsa. Ana sa gero da dawa a dami, da zangarniyarsu, gama ƙwari ba su cika samun hanya ba muddin ba a sussuke ba. Rufewa ta ƙasa kuma akan liƙe bakinta da laka. Gero mai kyau yakan yi shekaru a irin wannan ajiya. Wanda yake ƙauye, yana da fili, yana kuma noma gero da dawa, ba mu ga dalilin da zai sa ya rushe rumbunsa domin a ce ya waye ba. Abu ɗaya za mu ƙara masa. In rumbun na kan ƙafafun itace ne, a ɗaga shi kamar mita ɗaya, a yanka kwano a naɗa wa kowace ƙafa kamar mazurari a kife, ɓera ya hau ya kasa wucewa.

Amma yau yawancinmu masara muke ci, wake muke sayarwa, a buhu kuma muke ajiya. Nan ne sito yake shigowa. A zaɓi wuri mai tudu, nesa da masai da juji, ba a gindin itacen da reshensa ya taɓa rufi ba, gama reshe gada ce ga ɓera. Kada ƙofa ta dubi gabas, tun da yake daga can ne hadari yakan bugo da iska a ƙasashenmu na arewa. Duk wanda ya lura da tsohon ginin ƙasa ya san bangon gabas ne yake fara zaizayewa. A yi daɓen siminti, a ɗaga shi sama da tsakar gida. A bar tagogi ƙanana a sama, a rufe su da ragar waya. Rufin kwano yana zafi da rana, da asuba kuma yakan yi raɓa ta ciki ta ɗiga kan buhuna, don haka in da hali a yi masa silin, ko na zana ne. Buhu kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A jera kan katakai, a bar hanyar da mutum zai zagaya da tsintsiya. Ƙaramin ɓera yana shiga kafar da fensir zai shiga, saboda haka a duba ƙarƙashin ƙofa, a buga mata kwano a gindi.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen ɓera zancen hasarar mudu biyu ne kawai. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin Lassa, a ƙasar Borno, mai suna Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos a jirgin sama, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. A 1970 likita Jeanette Troup, wadda ta yi ta binciken cutar a Jos, ta bi su. Sai a 1972, a ƙasar Saliyo, aka gane wani irin ɓera ne na gida da gona yake ɗauke da cutar, yana barin ta cikin fitsari da kashi a kan abinci. Zazzaɓin Lassa har yanzu yana kashe mutane a Nijeriya kowace shekara, ya kuma fi tsanani da rani, daidai lokacin da hatsi yake jibge a gida. Garin tuwo, da garin rogo, da duk abin da ake ci ba dahuwa, wurinsu mazubi mai murfi ne, ba buhu buɗe ba.

Sa'an nan sai bushewa. Sito mai kyau ba ya gyara hatsi mai danshi. Masara tana bukatar ta bushe har ruwan jikinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma kowa yana da gishiri. A sami kwalba busasshiya, a zuba masara kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da masara rana. Masara da gyaɗa masu danshi suna yin fumfuna, waɗansu irin fumfunar kuwa suna barin dafi wanda dahuwa ba ta kashe shi, yana cin hanta, yana kuma tsumburar da yara. A 2004 irin wannan masara ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya. Kada a ce za a ba kaji ko shanu abin da ya yi fumfuna, gama dafin yakan biyo nono ya komo gida.

Wake ne ya fi ba mu wahala. Ƙwaron wake tun a gona yake yin ƙwai, mu da kanmu muke ɗauko shi mu kawo gida, cikin mako uku ko huɗu sabbi sun fito sun sake yin nasu. Buhun da aka ɗinke lafiya a Nuwamba, kafin Maris ya zama gari da ramuka. Tsoron wannan ne yake sa mutane zuba guba a abincinsu. Waɗansu suna yayyafa Sniper, waɗansu suna jefa ƙwayar nan mai fitar da iska a buhu su kwana da shi a ɗaki. Iskar da take kashe ƙwaro ita ce take kashe mai barci, yara ne kuwa suke fara tafiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Waken da suka ƙi, mu muka dafa wa 'ya'yanmu.

Alhali kuwa akwai hanyar da ba ta bukatar guba ko kaɗan, ita ce a hana ƙwaro iska. Duro mai murfi na ƙwarai, ko jarka wankakkiya wadda ba ta taɓa ɗaukar mai ko magani ba, in aka cika shi da busasshen wake har baki aka toshe, ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. A bar shi a inuwa, kada a buɗe sai bayan wata biyu. A kan wannan hikima ce aka yi buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, tare da masanan aikin gona na arewacin Kamaru ne suka fara gwada shi wajen ƙarshen shekarun 1980, daga 2007 kuma aka yaɗa shi a ƙasashe goma, har da Nijeriya da Nijar. Leda biyu ce masu kauri a ciki, da buhu na saƙa a waje. Kafin a zuba, a cika kowace leda da iska a matsa a ji ko tana da huda. A ɗaure kowane riɓi shi kaɗai, ba a haɗa uku a ɗaure wuri ɗaya ba. In an kula, buhu ɗaya yakan yi kaka biyu ko uku, masara da dawa ma suna zama a cikinsa lafiya. Kuɗinsa ya fi na buhun kasuwa, gaskiya ne, amma bai kai kuɗin waken da ƙwari za su ci ba. Mai gidan haya a birni ma wannan ce hanyarsa: duro ɗaya ko buhu biyu kan katako a lungu, ba wari, ba guba. Uwargida ta ɗebi na wata guda a ƙaramin mazubi, kada a riƙa buɗe babban kullum.

Saura zancen makulli, wanda ya fi na bulo wuya. Mu da muke koyarwa mun san watan Yuli da Agusta ba daga kalanda ba, daga fuskar yara. Yaron da ubansa ya cika sito a Nuwamba yakan zo aji da cikin wofi, yana gyangyaɗi tun ƙarfe goma. Ba ɓera ne ya cinye ba. An sayar da buhu biyu domin ɗinkin Kirsimeti, uku domin kuɗin makaranta a Janairu, ɗaya domin bikin ɗan'uwa, duka a lokacin da hatsi ya fi araha, sa'an nan da damina aka koma kasuwa ana awo da mudu a kan tsada. Uwargida ce ta san mudu nawa gidan yake ci a mako. A tambaye ta, a lissafta har zuwa sabon gero, a ƙara na baƙi da na iri, a jera waɗannan buhuna a gefe ɗaya, a sa musu alama da gawayi ko fenti. Na sayarwa su zauna a ɗaya gefen, kusa da ƙofa. Makullin kuwa a yi biyu, ɗaya a hannun maigida, ɗaya a hannunta.