Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Makaɗan Belbeji Da Tanut

Ƙannena masu jita da fiyano,

Akwai wani salon kiɗa da ake kira bilak metal, wanda ya yi tashe a ƙasar Norway a farkon shekarun 1990. Wani reshensa ya karkata ga daji da duwatsu da sanyin ƙasarsu. Ƙungiyar Ulver ta fitar da kundin Bergtatt a 1995, Agalloch ta Amurka ta biyo da The Mantle a 2002. Dabararsu ita ce kaɗa tsirkiyar jita da sauri har sautin ya narke ya koma kamar guguwa, murya tana can baya, waƙa ɗaya ta kai minti goma ba a gaggauta ta ba. Wasu daga cikin makaɗan bilak metal na farko sun ƙona coci-coci, sun yaɗa ƙiyayya; wannan ku bar musu kayansu. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun saurari ƙasarsu kafin su kama kayan kiɗa.

Ƙasarku Damargu ita ma fa tana da murya. Ku fita da asuba lokacin hunturu, ku aje waya kusa da karan gero, ku ɗauki yadda iska ke ratsa shi. Ku je bakin rijiya a kwarin Tarka, inda raƙumi ke jan igiya mai nisa kafin guga ya fito, ku ji kukan itacen da igiyar ke gogawa. Luguden mata a turmi kuwa, babu gangar kwamfutar da ta kama ƙafarsa. Ku gina waƙa a kan waɗannan, ku ba ta lokaci ta numfasa.

Yana damuna yadda kowa ke ɗauko kiɗa iri ɗaya daga situdiyon Kano, ko ya kwaikwayi jitar Agadas tsaf. Ku duba makaɗin jita Mdou Moctar: a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kundin ya bi wayoyi da katin memori har ya ƙetare teku, domin ya zo da abin da ba a taɓa ji ba.

Ku nemo dattijo mai goge ko mai garayar farauta ku zauna gabansa ku koya. Ku nemi izinin mata kafin ku naɗi dakansu, kuma duk wanda kuka ɗauki hannunsa ku biya shi, ku ambaci sunansa a jikin waƙar.

Naku,
yayanku mai sauraronku