GARANTI KO YAUDARA? Abin Da Dilan Mota Ya Yi Wa Mahaifina A Jos

Yau zan ɗan yi magana mai zafi, don haka duk wanda ya ji abin ya taɓa shi sai ya yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, dankalin turawa yake sarowa daga Bokkos da Mangu yana kaiwa Abuja. Kakana daga Maraɗi ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, kuma abu ɗaya da ya bar mana gado shi ne cewa ɗan kasuwa bakinsa ne jarinsa. Shekara huɗu Baba yana tara kuɗi, har da zubin adashi, don ya huta da biyan kuɗin shata, sai a watan Yunin bana Allah Ya nufa ya sayi akori-kura 'yar Beljiyam a wajen wani dilan motoci a nan garin. Ba zan kama sunansa ba, domin ba shi kaɗai ba ne, halin ne nake so mu kama.

Ranar ciniki ina wurin. Dila ya bugi ƙirji ya ce, "Alhaji, inji da giyabos garantin wata uku na ba ka, in wani abu ya taɓa su ka dawo mini da ita, wuyana ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta mana." Ya yi dariya ya ce yaran zamani ba su da yarda, amma dai ya rubuta a bayan rasit, ya sa hannu ya buga hatimi. A kan wannan alkawari Baba ya ƙara kuɗi a kan abin da aka yi masa tayi a wani gareji. Ke nan garantin nan ba kyauta aka ba mu ba, saye muka yi.

Sati biyar cif, direba ya sauke kaya a Abuja yana dawowa, a tsakiyar Hawan Kibo giya ta ƙi shiga, mota ta fara ja da baya. Duk wanda ya san Hawan Kibo ya san ba wurin da za ka so mota ta yi maka gardama ba ne. Allah Ya kiyaye, birki ya kama, yaron mota ya sa weji. Janwe muka ɗauko muka kai ta har garejin dila, aka kwance giyabos a gaban kowa, sai ga tsohuwar walda a jikin kwanon, an shafe ta da fenti. Makanikai suka ce sai an sake wani, kuɗinsa ya haura naira dubu ɗari bakwai.

To jama'a, ga dalilan da mutumin nan ya kawo na ƙin gyara, ku yi mana alƙalanci.

Na farko ya ce mun yi mata lodi fiye da ƙima. Na ce, Alhaji, motar fayau take lokacin da abin ya faru, direba da yaron mota suna nan, mai janwe ma shaida ne. Kuma ko da a ce an taɓa yi mata lodi, shin lodi ne ya yi walda ya shafa fenti? Akori-kura ai don ɗaukar kaya aka ƙera ta, kuma ya san sana'ar Baba tun kafin ya karɓi kuɗi. Wanda ya sayar maka da jaki ba zai dawo ya ce laifinka ne da ka ɗora masa mangala ba.

Na biyu ya ce mun juye baƙin mai a wajen makanikin waje, don haka garanti ya mutu. Ina ruwan biri da gada? Baƙin mai na inji ne, abin da ya lalace giyabos ne. Sannan a cikin abin da ya rubuta da hannunsa babu inda aka ce sai a garejinsa za a juye mai. Sharaɗin da ba a faɗa ranar ciniki ba, ba a tsiro da shi ranar biyan bashi. Wannan dabara ma ba shi ya fara ta ba. A Amurka tun 1975 aka yi dokar da ake kira Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani ɗaure garanti da cewa dole sai kayansa ko garejinsa, sai dai in ya nuna cewa aikin wajen ne ya jawo lalacewar. Hankali ma abin da ya ce ke nan: mai zargi shi ke kawo hujja.

Na uku ya juya rasit ya nuna mana wani ƙaramin rubutu na Turanci a ƙasa, wai kaya in ya fita ba ya dawowa. Wato gaban takarda na cewa babu, bayanta na cewa akwai, kuma duk hatiminsa ne a kai. Wanne za mu ɗauka, wanda ɗan buga takardu ya buga wa kowa da kowa, ko wanda shi da kansa ya rubuta mana da biro?

A nan ne nake so masu karatu su buɗe kunne, domin ni ma sai da abin ya same mu na je na bincika. Akwai dokar tarayya ta kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC da aka kafa da dokar soja ta 1992. Dokar ta ce mai saye yana da haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, waɗanda za su yi aikin da aka saye su dominsa. Sashe na 132 ya ba shi wata uku daga ranar da ya karɓi kaya, in sun gaza, ya mayar da su a gyara, ko a sake masa, ko a dawo masa da kuɗinsa. Hukumar kuma ta sha faɗin cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" a rasit ko a bangon shago ba ya share haƙƙin da doka ta bayar. Kafin duk wannan ma, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da karantar da cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Saboda haka boko da addini duk bakinsu ɗaya a nan.

Dalili na huɗu shi ya fi ci mini rai. Da ya ga hujja ta ƙare, sai ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, a yi haƙuri." Subhanallahi! Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma me ya sa kullum ƙaddarar kan mai saye take sauka? Shi dila ba ya cikin waɗanda ake jarrabawa? In ƙaddara ce giyabos ya fashe, to ƙaddara ce kuma ya fashe a cikin wata ukun da ka ɗauka a wuyanka, sai kai ma ka rungumi taka ka biya. Amfani da sunan Allah don a danne haƙƙin bawan Allah ba tawakkali ba ne, wayo ne.

Don adalci, na san dilolin ma suna da kukansu. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a watan Janairun 2017, ga kuɗin kwastan, ga faɗuwar naira bayan 2023, jarin da ke sayen mota biyar a da yanzu da ƙyar yake sayen biyu. Kuma akwai masu saye marasa tsoron Allah da za su kashe mota da ganganci su dawo suna ihu. Na yarda mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa da ita bai sani ba. Amma maganin wannan shi ne ka duba kayanka kafin ka yi alkawari, ko ka fito fili ka ce babu garanti, a rage kuɗi, kowa ya san matsayinsa. Ba a cin kuɗin alkawari sannan a ce alkawarin wasa ne.

Yanzu salonsa ya koma "ku dawo jibi", "makanikena ya yi tafiya", don wata ukun su cika ya ce lokaci ya wuce. Shi ya sa na rubuta masa takarda mai kwanan wata, na ajiye kwafi, na ɗauki hoton waldar da rasit gaba da baya. Na kai maganar ga shugabannin ƙungiyarsu, in ba a daidaita ba sai FCCPC, in ta kama kotu ma za mu je. Shawarata ga duk mai shirin sayen mota: ka je da makanikenka, a rubuta abin da garanti ya ƙunsa da ranar da zai ƙare, a sa shaidu biyu, kuma ranar da matsala ta fito ka sanar a rubuce. Kunyar mara kunya asara ce.

Baba dai cewa yake, "Ka bar shi da Allah, ɗana." Ni kuma na ce, "Baba, na bar shi da Allah, amma ka yi mini izini in bi haƙƙinka." Domin kakar dankali tana wucewa, mota na jibge a gareji, muna biyan shata kamar ba mu taɓa sayen mota ba, ga zubin adashi bai tsaya ba. In muka yi shiru, gobe wani uban ne zai tsinci kansa a Hawan Kibo, kuma ba kullum birki ke kamawa ba. Jiya da daddare ya ce in je, amma kada in zagi kowa. Ina fata ban zaga ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, amin.